Tsuntsun Uwani, Sunan Bamalli

Ranar Talata, ashirin ga watan Agusta, 1996, aka tambaye ni sunan matata, na ba da nawa.

A kan wani falalen dutse ne a bayan ƙauyen Iku, da hantsi, an yi ruwa da asuba dutsen bai gama bushewa ba. Mu uku ne a wurin: ni, da matata Uwani, da Dakta Ijeoma, mai binciken tsuntsaye daga wata jami'a ta kudu. Babu shaida na huɗu sai tsuntsun, shi kuwa bai san ana yi ba.

Sunana Bamalli Hashim. Na koyar da ilmin halittu a sakandare shekara talatin da biyar, na yi ritaya, ina zaune a unguwar Magajiya a Suleja, a gidan da aka haife ni. Ina da kabad uku na littattafai. Abokaina ba su kai uku ba. A cikin ɗayan kabad ɗin akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa, a samanta an rubuta sunan wani ɗan tsuntsun dutse: Cisticola bamallii.

Bari in yi bayanin sunan, tunda bayani ne sana'ata. Masana suna ba kowace halitta suna mai kalma biyu da Latin, harshen da ya mutu, don matacce ba ya canza magana. Kalmar farko ta dangi ce, ta biyu ta mai ita. Cisticola wani Bajamushe ya ƙirƙiro ta a 1829. Ƙarshenta yana nufin mazauni. Farkonta kuwa masana sun rabu biyu: wasu sun ce kwando ne, saboda sheƙar da tsuntsun ke saƙawa a cikin ciyawa, wasu sun ce wani ƙaramin itace ne na ƙasar Girka. Sun kusa shekara ɗari biyu ba su shirya ba. Kalma ta biyu babu gardama a kanta. Ma'anarta "na Bamalli". Ita kaɗai ce kowa ya yarda da fassararta, kuma ita ce ƙaryar.

Uwani 'yar manomi ce a Iku. Sunanta na yanka Halimatu Sadiya, sunan kakarta ta wajen uba. Ubanta ba zai buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa ba, shi ya sa ta zama Uwani. Ni ko Uwanin ban taɓa kira ba. "Ke" nake cewa, ko in yi gyaran murya. Ita kuma "Malam". Ba ta yi boko ba, allo ta yi. Tun tana shekara shida aikinta korar tsuntsaye daga dawar ubanta a gindin wannan dutsen, da gwangwani da tsakuwa a ciki, daga fitowar rana har faɗuwarta. Wanda ya yi shekara goma yana faɗa da tsuntsaye ya san su fiye da wanda ya karanta su. Wannan ban same shi a littafi ba. Da na same shi a can da na yarda da wuri.

Ijeoma ta zo Suleja cikin daminar shekarar, da jakar kaset, da na'urar ɗaukar murya, da wani faranti mai faɗin faifai da take nuna wa tsuntsu in yana kuka. Shugaban makarantarmu ya haɗa ta da ni don ni ne malamin halittu kuma ina jin Turanci. Masaukin da ta samu a bakin titi bai yi mata ba, jiniyar tireloli ta hana ta sauraron kaset, sai na ba ta ɗakin baƙi. Hausarta "sannu" da "na gode" da "ya isa". Turancin Uwani bai kai haka ba. Duk abin da ɗaya za ta gaya wa ɗaya sai ya bi ta bakina.

Dangin wannan tsuntsu sun fi iri arba'in, kuma duk kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya: launin ƙasa, ba su cika tafin hannu ba, wutsiya a ɗage. Ido ba ya raba su. Kunne ke rabawa. Saboda haka aikin Ijeoma in ta sauko daga dutse shi ne ta zauna a tsakar gida ta kunna kaset, ta saurara, ta rubuta suna a jikin kowanne.

Wata la'asar tana wannan aiki, Uwani na gefe tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Malam, gaya wa baƙuwarka ta haɗa biyu a ƙwarya ɗaya."

Na ce, "Ke, aiki take yi."

"Aikin nake gyara mata. Na farkon na ƙasa ne, na cikin gamba. Wannan na bayan na saman dutse ne. Shi ba ya sauka gona, ban taɓa jifansa ba."

Ijeoma ta tambaye ni abin da ta ce. Na fassara ina dariya, irin dariyar da miji ke yi don ya nuna wa baƙo shi ma ya san shirme ne. Ijeoma ba ta yi dariya ba. Ta mayar da kaset baya. Ta sake mayarwa. Sannan ta hautsina kaset ɗinta guda ashirin, ta riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya ba tsari.

"Na ƙasa," in ji Uwani. "Na ƙasa. Na sama. Na ƙasa, amma yaro ne, bai iya ba tukuna. Na sama. Malam, ruwan tuwona zai ƙone, nawa suka rage?"

Da aka duba inda aka ɗauki kowane kaset, duk wanda ta ce na sama ne a saman dutse aka ɗauke shi. Ashirin, ba ta kuskure ɗaya ba. Ijeoma ta ce a tambaye ta mene ne bambancin. Uwani ta ajiye faifai, ta tsuke baki ta yi kukan na ƙasa, sannan ta yi na sama. Ta ce na ƙasa yana yankewa a sama, na dutse kuwa sai ya sauko hawa uku, a ƙarshe ya yi wani ƙaras-ƙaras kamar tsaba a kan faifai. Mai tankaɗe take ce masa tun tana yarinya. Ba wanda ya koya mata sunan, ita ta sa masa don ta raba shi da masu cin dawa.

Mako shida suka yi suna hawan dutsen nan, ina biye da su da laima da gorar ruwa. Unguwa ta yi magana, matar Malam tana yawon dutse da 'yar kudu mai wando. Na toshe kunne, na ce ilmi ne. Na ji daɗin faɗin haka a majalisa, ya sa na zama wayayye. Abin da ban yi wa shiri ba shi ne su biyun suka fara rage bukatata. Suka ƙirƙiro nasu yaren, na fito da nuni da yatsa da harara. Uwani ta kasa faɗin Ijeoma, ta mayar da ita Ajuma. Ta koya mata cin tuwo da miyar kuka ba tare da ta ɗiga a riga ba, ta yi mata kitso, ta yi mata tsiya a kan ƙafafunta.

"Ajuma, waɗannan takalman naki na sojan da ya gudu ne? Tsuntsu na jin ki tun daga garin Madalla."

Ijeoma ba ta ji ko kalma ba, amma ta cire takalman ta hau da safa. Kuma ta samo wata kalma guda ta Hausa ta liƙa wa Uwani: Malama. "Malama, zo. Malama, wanne?" A gabana. Ni da na yi shekara goma sha biyu ina riƙe da alli, ni ne mai riƙe laima.

Ranar Talatar nan suka kama ɗaya da raga, Ijeoma ta auna shi, ta ɗebi ɗigon jini, ta ba Uwani ta sake shi. Sannan ta juyo gare ni da Turanci.

"Malam Bamalli, in gwaji ya tabbatar da abin da kunnenta ya ji, wannan sabon iri ne, ba a taɓa rubuta shi ba. Wanda ya bayyana shi shi ke raɗa masa suna. Sunanta nake so in sa. Na san Uwani laƙabi ne. Mene ne sunanta na gaskiya?"

Ban yi jinkiri ba. Na sha so in ce na yi, amma ban yi ba. Na ce, "Dakta, a al'adarmu ba a fitar da sunan matar aure. Ni kaina ba na kiransa. Balle a buga shi a takarda, maza a duniya su riƙa ambato."

Ta dafe ƙirji ta ba ni haƙuri. Wannan ya fi komai ci mini rai har yau, ita ta ba ni haƙuri. Ta ce ba ta sani ba, ba ta yi nufin raini ba. Ta ce, "Ko za a tambaye ta, mu ji ta bakinta?"

Na ce tambayar kanta abin kunya ce gare ta.

"To me zan sa?"

"Sa sunan gidan. A wurinmu sunan miji shi ne sunan mace."

Uwani na tsaye tana goge hannu da gefen zane, tana kallon bakinmu. Ta ce, "Malam, me ta ce?"

"Ta ce kin yi ƙoƙari. Ta gode."

"Ce mata ba komai. Ce mata ta kula da santsi wajen sauka, kada ta karye mana a nan."

Al'adar da na faɗa akwai ta, ban ƙirƙira ba. Ba ma kiran sunan matanmu a gaban baƙi. Amma a wannan shekarar sunan Halimatu Sadiya yana jikin katin asibiti, yana cikin rajistar zaɓe, yana kan takardar makarantar 'yarmu Mardiyya, kuma da hannuna na rubuta duka. Ba wanda ya mutu. Na ɗauki al'ada na rufe ƙofa da ita ne kawai, don na san baƙuwa mai ladabi ba za ta tura ba.

Takardar ta iso ta gidan waya a 1999. A ƙarƙashin sunan akwai layi biyu na bayanin asalinsa, kamar yadda ake yi: an raɗa masa sunan Malam Bamalli Hashim na Suleja, wanda iyalinsa suka taimaka wajen gano shi. Iyalinsa. Kalmar da ke ɗaukar mata da 'ya'ya da ƙannen miji da duk mai cin tuwon gidan.

Shugaban makaranta ya karanta a taron safe, yara suka tafa. Suka sa mini Malam Tsuntsu, na yi kamar ba na so. An gayyace ni Abuja sau biyu in yi jawabi a kan kiyaye halittu, na yi jawabi mai kyau, na iya jawabi. Uwani ce ta sa wa rigar da na je da ita sitaci.

A bakin Mardiyya ta ji. Yarinyar na shekara goma sha ɗaya, ta ɗauko takardar ta shiga madafa da gudu. "Umma, an sa wa tsuntsunki sunan Baba! Ga shi nan, ba-mal-li."

Ina zaure ina jin su. Muciya ta tsaya, sannan ta ci gaba.

"Allah ya sanya alheri," in ji Uwani.

Da ta kawo mini abinci ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Malam, barka." Na ce yauwa. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. "Wata biyu tana cin tuwona. Ni na nuna mata sheƙarsa. Ashe 'yan boko nasu kawai suka sani." Ta ɗan jira. Ina ganin jira take in ce wani abu, ko da in tsaya wa Ijeoma ne. Na buɗe kwano na ce miyar ta yi gishiri.

Ba ta sake hawa dutsen ba. Akwai hotonsu su biyu a bangon ɗakinta, Ijeoma da kitso, ita da farantin ɗaukar murya a kai kamar talla. Ta cire shi, ban san inda ta kai ba. Kowace Kirsimeti Ijeoma na aiko wasiƙa da turmin atamfa. Atamfar, Uwani ke ba maƙwabta, wasiƙar ni ke amsawa: tana lafiya, tana gaishe ki, ta gode. Bayan shekara huɗu Ijeoma ta gane gaisuwar ba ta da mai ita, ta daina. In muka je Iku gaisuwa da damina, tsuntsun ya yi kuka daga sama, sai Uwani ta ɗaga murya ta tambayi wani lafiyar awakinsa.

Na yi niyyar gaya mata. Na sa rana bayan bikin Mardiyya, ranar ta zo gidan cike da baƙi. Na sa rana a Makka, shekarar da muka je tare, na ce a can ba a riƙe mutum. Muka yi kwana talatin da biyar, na nema mata gafarar Allah a kowace kusurwa, ban nemi tata ba. Na sa ranar ritaya. Ƙaya ce a tafin ƙafa, in ba ka cire ta ranar da ta shiga ba nama ya rufe, sai ka koyi tafiya da ita. Na koya. Muka zauna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ban taɓa rasa ruwan alwala ba.

A 2021 hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ya shanye. Bayan mako biyu asibiti suka ce mu koma gida, na san ma'anar wannan. Ranar Alhamis da la'asar na shiga ɗakinta na tura ƙofa, na zauna a bakin gado. Na shirya maganar, na ma rubuta ta a takarda na haddace, kamar darasi.

Ita ta riga ni. Bakinta ya karkace amma ana jin ta.

"Malam, ka yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba."

"A dai yafe. Zama ya yi tsawo."

"Na yafe."

"Ni ma na yafe maka, wanda na sani da wanda ban sani ba." Ta huta. "In ka samu hanya, ka aika wa Ajuma. Ka ce na yafe mata. Na riƙe ta a raina da yawa, ba na so in tafi da shi. Tsuntsu ne kawai."

Na buɗe baki. Sai ga sallama a tsakar gida, 'yan'uwanta mata daga Iku su biyar, da kwanon fura da kuka a shirye. Namiji ba ya zama a ɗaki mata sun zo dubiya. Na tashi na ba su wuri. Wannan karon al'adar gaskiya ce, kuma na ji sanyi a raina da ta zo. Na ce gobe. Washegari da hantsi ina kantin magani a bakin kasuwa Mardiyya ta kira ni.

Da aka jera sahu liman ya ce za a sallaci Halimatu Sadiya. Na ji wani a bayana yana tambayar na kusa da shi, wace ce kuma Halimatu Sadiya, ba matar Malam Tsuntsu ba ce ta rasu?

Wanda na sani da wanda ban sani ba. Mutane suna cewa na yi sa'a, mace ta yafe maka kafin ta cika. Ni na san abin da aka ba ni. Yafiya ce ta jimla, irin wadda ake yi wa mai shago da maƙwabci. Wadda aka kira laifin da sunansa aka yafe, wadda ta ci mata shekara ashirin da biyu kafin ta iya furtawa, ta tafi wurin wadda ba ta yi komai ba.

Mardiyya ce ta nemo mini Ijeoma ta waya. Ta zama farfesa, ta yi furfura. Ta ce tana da taro a Abuja cikin watan Yulin 2022, za ta ƙaraso. Ta zo ranar Asabar, ta tsaya a zaure ta yi sallama da Hausa, ta yi mini gaisuwar rasuwa da Hausa, har da "Allah ya sa ta huta, ya ba da haƙuri". Na ce ashe ta koya.

"Na yi shekara bakwai ina aiki a Filato," ta ce. "Amma saboda ita na fara. Na ce wata rana zan zo in yi hira da Malama ba tare da kai a tsakiya ba. Sai na ga ba ta son ji daga gare ni, na ce ko na yi wani laifin al'ada ne ban sani ba."

Na gaya mata duka, a tsaye, kafin ta sha ruwan da Mardiyya ta kawo. Ya fi sauƙi fiye da yadda na zata, kuma wannan ma abin kunya ne. Minti biyar ya ɗauka.

Ta zauna a kan tabarma.

"Ba ta san na tambaya ba?"

"Ba ta sani ba."

"Tana tsammani ni na zaɓe ka?"

"Haka ta ɗauka."

"Shekara ashirin da biyu. Kana cikin gidan."

"Ina ciki."

Na isar da saƙon. Na ce ta ce a gaya miki ta yafe miki. Ijeoma ta yi wata dariya marar daɗi, ta share ido da bayan hannu.

"Riƙe abinka, Malam. Ba nawa ba ne, kuskuren adireshi ne."

Sannan na faɗi abin da ya sa na neme ta. Na ce ina so a canza sunan. A cire nawa a sa nata. Na ce zan sa hannu a duk takardar da ake bukata, zan je duk inda ake zuwa.

"Ba a canzawa."

"Ke kika raɗa."

"Ko ni ba ni da iko. Sunan da aka fara bugawa shi ke zama. Akwai tsuntsaye masu ɗauke da sunan ƙasar da ba su taɓa sauka ba. Akwai masu ɗauke da sunan mutanen da suka yi cinikin bayi. Ba a canza suna don bai dace ba, ko don mai shi ya yi nadama. In aka buɗe wannan ƙofa ba sunan da zai tsaya." Ta dube ni. "Kai malamin halittu ne. Ka san wannan."

Na sani. Na koyar da dokar nan ga 'yan aji huɗu shekara talatin, ina yabonta, ina cewa ita ce ta hana ilmi zama kasuwa. Na tambaya ne kamar yadda mai ciwon ajali ke tambayar likita na biyu.

Ta ce abin da za a iya shi ne gajeren bayani a mujallar masu binciken tsuntsaye, a faɗi wadda ta gano shi da yadda aka yi sunan ya kauce mata. Ta ce ba za ta rubuta mini ba. Ni zan rubuta, da sunana, kuma kalmar "kuskure" ba za ta shiga ba. Na rubuta. Shafi ɗaya da rabi, ya fito bara. Mardiyya ta duba mini a waya, ta ce an nuna mutum goma sha ɗaya sun buɗe shi. Biyu daga ciki ni da ita ne. Sunan tsuntsun yana nan yadda yake, kuma zai kasance haka bayan an manta kabarina.

Kafin Ijeoma ta koma ranar, ta ce tana son ganin dutsen. Muka ɗauki mota zuwa Iku. Gonar dawar babu ita, 'yan'uwan Uwani sun yanka ta fuloti-fuloti, gidajen haya na ma'aikatan Abuja sun hau har gindin dutsen, kowanne da tankin ruwa da janareta. Ta ɗaya gefen wani kamfani na fasa dutse, an cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Muka hau a hankali, tsofaffi biyu. Ba mu kai falalen ba gwiwata ta ƙi.

Muna tsaye ina haki, Ijeoma ta ɗaga yatsa.

"Ga shi. Yana nan." Fuskarta ta saki a karo na farko tun zuwanta. "Ka ji? Ɗaya, biyu, uku, ga tankaɗen."

Na kasa kunne. Tsuntsaye na kuka ta ko'ina, sama da ƙasa, da injin fasa dutse a bayansu. Na gyaɗa kai. Ta dube ni, ta ci gaba da dubana har na kawar da ido. Muka sauko, ta shiga mota, ba ta ce sai wani lokaci ba.

Takardar da na haddace ranar Alhamis ɗin nan tana da sakin layi huɗu, da dalilai, da bayanin yadda zamani yake a lokacin. Na yaga ta. Ba ita ce maganar ba. Da matan Iku sun makara da minti ɗaya, kuma da ni wani mutum ne ba ni ba, ga abin da zan ce:

Halimatu, ba Ajuma za ki yafe wa ba. Sunanki ta nema, ta nemi a tambaye ki, ni na hana. Kuma ba kunya ba ce, ba al'ada ba ce. Kin ji abin da ban ji ba, a gaban baƙuwa, kina tsince shinkafa. Na yi jawabi a kansa a Abuja, na zana hawa ukun a allo, na koya wa yara. Ban taɓa jin bambancin ba, ko sau ɗaya.